Ranar da Aka Tsefe Kan Ummi

Rana ta yi ja lokacin da Shafa'atu ta miƙe daga tabarmar gidan biki, ta kaɗe zanenta, ta ce bari ta nemo ɗiyarta su kama hanya. Daga wannan ƙauye zuwa Damari, inda take aure, sai an ratsa gonakin dawa an tsallake rafi, kuma a zamanin nan ba mai yarda magariba ta same shi a daji.

Shafa'atu ba makauniya ba ce. Tana zura zare a allura ko a duhun ɗaki. Fuska ce kawai ba ta iya riƙewa. Za ta ga ido, ta ga hanci, ta ga baki, amma da ta kau da kai sai su watse. Tun tana yarinya a Daudawa ta daina wahalar da kanta da kallon fuskoki. Ƙasa take kallo: takalmi, kaushi, lalle, bakin zane. Mijinta Maharazu ma da tarinsa take gane shi. Shi kaɗai ya sani, ya kuma ce ta yi shiru, kada a ce aljanu gare ta.

Matan Damari kuwa sun gama yanke mata hukunci a bakin rijiya.

"Ke, jiya kwano ɗaya muka ci tuwo da matar Maharazu. Yau na gamu da ita, ta wuce ni kamar kututture!"

"Hanci a sama, 'yar Daudawa."

"Wane sama? Kullum kai a ƙasa kamar wadda ta yar da allura."

A hankali aka daina shiga wurinta. Ya rage daga ita sai Ummi, 'yar ƙaramar ɗiyarta mai surutu kamar rediyo. Shafa'atu ce take yi mata kitso da hannunta, kuma kullum takan bar wani siririn kitso a bayan kunnen hagu, ta ɗaura masa ɗan dutsen ado shuɗi. Da shi take tsamo ɗiyarta cikin yara.

To, da safen nan Suwaibatu, ƙanwar Maharazu, ta shigo ta riƙe haɓa.

"Haba matar Yaya, wannan kitso kamar hanyar shanu za a kai gidan biki? Kawo ta nan."

Aka tsefe kan Ummi. Makitsiya ɗaya ta yi wa duk 'yan matan dangi shuku iri ɗaya, aka shafe su da mai ɗaya, aka saka musu anko na koriyar atamfa da takalman roba masu ƙara, duk daga tebur ɗaya a kasuwar Sabuwa.

Yanzu ga Shafa'atu tsaye a tsakar gida, ga yara birjik, kowace kore.

"Ummi!" ta kira.

Kawuna suka juyo ta ko'ina. Wata mata da ke kankare tukunya ta tuntsire da dariya.

"Wace Ummin? Ta Baraka ko ta Safara'u? Gidan nan ko kaza kika kira Ummi sai ta waiwayo."

Aka yi shewa. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce a nuna mata ɗiyarta?

Sai wani ɗan hannu ya shige cikin nata.

Ta sauke ajiyar zuciya. Koren anko, shuku, tsayin daidai. Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta yi sallama, ba wanda ya amsa sosai, suka fita.

Dawa ta yi tsayi ta rufe hanya ta kowane gefe. Ganye na gogar kafaɗarta. Kiɗan gidan biki ya yi ta raguwa a baya har ya ɓace.

"Kin ci alkaki?" ta tambaya.

Shiru.

"Fushi kike, an ja maki gashi?"

Shiru. Ummin da ko a barci takan yi magana.

Hannun yana da sanyi, irin sanyin gindin randa. Shafa'atu ta shaƙi iska. Ba ƙamshin man da aka shafa wa yara. Wani wari ne, na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a ja ba.

Ta kasa kunne. Silifas ɗinta na cewa fat, fat, fat.

Nata kaɗai.

Takalman nan masu ƙara, da suka ishi kowa tun safe, ba ta jin su.

Gyare ya yi shiru. Kwaɗin rafi ma suka yi tsit, kamar an rufe su da faifai. Ta so ta zare hannunta. 'Yan yatsun suka ƙara matsewa.

Sun iso bakin ruwa ke nan ta ji gudu a baya. Ƙyuu, ƙyuu, ƙyuu. Da kuka.

"Inna! Inna, tsaya!"

Muryar Ummi. Ko cikin kasuwa ba za ta ɓace mata ba.

A gefenta, daidai ƙugunta, aka ce:

"Inna."

Murya ɗaya. Har da 'yar shessheƙar.

Mai gudun ta faɗo kan ƙafafunta. Shafa'atu ta yi taga-taga, hannun ya kuɓuce. Yaran biyu suka kewaye ta, wannan na jan zane ta nan, waccan ta can. Kafin ta tsaya daidai, ba ta san wace ce wace ba.

Anko biyu. Shuku biyu. Yanzu duka biyun takalmansu na ƙara. Ta taɓa hannayensu: duka sun jiƙe da gumi. Warin rijiyar ya cika wurin, ba ta san daga wa yake fitowa ba.

Hasken na ƙarewa.

Ta dama ta rungume gwiwarta.

"Inna, dube ni. Ni ce. Ɗago kai ki dubi fuskata."

Ta hagu kuwa ta raɓe a gefe. Kuka kawai take.

"Dube ni mana, Inna. Ba ki san ɗiyarki ba?"

Maganar ta soke ta a inda ya fi ciwo. Haɓarta ta fara ɗagowa da kanta.

Sai ta hagu ta kamo ɗan yatsanta. Ta ja shi a hankali, ta kai shi bayan kunnenta na hagu, inda babu komai sai fata. Ta yi raɗa:

"Gwaggo Suwaiba ce ta tsefe. Ba ni na ce ba."

Tun da Ummi ta iya magana, ba ta taɓa ce wa uwarta ta dube ta ba. Ko sau ɗaya.

Shafa'atu ta sure ta, ta cilla ta a baya, ta faɗa rafin. Ruwa har cinya. Tana ta karanta Ayatul Kursiyyu.

A bayanta aka yi tari. Tarin Maharazu.

"Shafa, waiwayo."

Ta ci gaba.

"'Yar nan." Muryar Goggo ce, mahaifiyarta, wadda aka binne a Daudawa tun kafin a haifi Ummi. "Ɗago ki gan ni, ko sau ɗaya a rayuwarki."

Hawaye ya rufe mata ido. Ta kafe shi a kan ruwa.

Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyarta.

Daga Damari ladan ya ɗaga murya. Kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Ta haye gaɓa da rarrafe, silifas ɗaya ya tafi da ruwa, ba ta tsaya ba sai a zauren gidansu.

Ummi ta kwanta da zazzaɓi. Da ta samu sauƙi, uwar na maida mata ɗan kitsonta, ta tambaye ta:

"Waccan yarinyar, kama take da ke?"

Ummi ta shafa fuskarta daga goshi zuwa haɓa.

"Ba komai a nan, Inna. Sumul, kamar bayan ƙwarya."

Matan da ke gidan bikin kuwa sun rantse Shafa'atu kaɗai suka ga ta fita, hannu a miƙe.

Shafa'atu ta kira Suwaibatu ta faɗa mata komai, ko da yake Maharazu bai so ba. Suwaibatu ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ashe duk zagin nan da muke maki, alhakinki muke ɗauka?"

Labari ya zaga gari. Wasu suka ce ai aljanu gare ta, suka ƙara janye 'ya'yansu daga ƙofarta. Wasu kaɗan suka koyi sabuwar sallama: "Salamu alaikum, Baraka ce." Takan amsa da murna, har ta rasa inda za ta ajiye su.

Amma idan rana ta yi ja, takan saka sakata, ta zaunar da Ummi a cinyarta, yatsanta a kan dutsen nan shuɗi. Wani lokaci sai a yi sallama a ƙofa, da muryar da ta sani sarai. Sai ta sunkuyar da kai, ta jira a faɗi suna.

Ba kullum ake faɗa ba.