Sharar Bikin Kogi

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Umma tana kan keken ɗinki a tsakar gida, tana fama da rigunan bikin kogi, shuɗɗa masu hoton kifi a ƙirji. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Ta ɗaga murya ta ce duk wanda ta kama zai gane kurensa, ta ci gaba da taka keke.

A ƙofar gida mijinta, Ciyaman na kwamitin biki, yana zaune da mutanensa kan kujerun roba. Bikin na tsabtace kogi ne da rafukan da ke zuba a cikinsa. Za a kafa rumfuna a bakin ruwa, 'yan makaranta su yi waƙa, manyan baƙi su dasa itatuwa, a ɗauki hoto. Tana jiyo gardamarsu a kan wanda zai zauna layin gaba.

Dutse na biyu a gefen ƙafarta ya sauka. Ta ɗauka. Sulɓi gare shi da sanyi, a jiƙe yake sharkaf, ga gansakuka, ga warin laka. Kogin kuwa da nisa, babu hannun ɗan Adam da zai kai jifa daga can. Kaji suka shige akurki ba wanda ya kora su. Gidan ya yi tsit.

Kwanaki kaɗan kafin wannan, kwamiti ya kwashe sharar da ke filin da za a kafa rumfuna. Ta taru kamar tudu. Mai tifa ya ce jujin gari ya yi nisa, sai Ciyaman ya ce a juye ta a bayan kwanar kogi, cikin wani rami mai zurfi da tsofaffin itatuwa suka lulluɓe, ai babu baƙon da zai taka can da takalminsa mai tsada. Aka yi dariya, aka juye.

Tun daga yammacin da dutse na farko ya faɗo, kullum da rana ta yi ja sai jifa ta fara. Bayan duwatsu sai ledoji, gwangwanaye, fasassun kwalabe, ƙazamin ƙunzugun jarirai, duk a jiƙe. Umma ta share, gobe a sake. Wani lokaci daga cikin tankin ruwa sai a ji kamar mace tana rarrashin yaron da numfashi ya sarƙe wa.

'Yarsu ɗaya ce, 'yar sakandare, kowa 'Yar Baba yake ce mata, don tun tana rarrafe ba ta cin abinci sai a cinyarsa. Yarinya mai surutu kamar rediyo, sai ta yi shiru. Ta daina shan ruwa, ta ce wari yake mata. Tana sosa jikinta har ya yi jini, wai kwalba ce a ƙarƙashin fatar. An kai ta asibiti, an auna, an ce ba a ga komai ba. Duk uwar da ta taɓa kallon ɗanta yana ramewa a gabanta ta san abin da Umma ta ji, Allah ya raba mu da gani.

Ciyaman ya ce kada maganar ta fita gidan sai bayan biki. A cewarsa rashin barci ne da yawan kallon waya. Umma ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, amma ranar da ta tarar da yarinyar durƙushe a bakin magudanar ruwa tana tono da farce, tana kuka da wata murya da ba tata ba, sai ta yafa mayafi ta tafi da ƙafarta wajen Malam, tsohon abokin mahaifinta.

Malam ya zo bayan la'asar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗaki, aka kwantar da yarinyar, Umma ta riƙe mata kai. Ciyaman yana tsaye a bakin ƙofa, waya na ta kuka a aljihunsa. Malam ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Hasken taga ya dinga ja baya. Can sai jikin yarinyar ya sandare, idanunta suka juye.

"Wace ce ke?" in ji Malam. "Me kike nema a jikin 'yar mutane?"

"Wurin kwanciya. Nawa an binne shi."

Muryar tsohuwa ce, a dishe, kamar an cika mata maƙogwaro da yashi. Ta ce a ramin nan take tun ba a kafa gida ko ɗaya ba. An zubo mata ruwan rini ta matsa, an zubo baƙin mai ta matsa, an zubo jinin mahauta ta ƙara matsawa, ba ta taɓa kowa ba. Sai da masu cewa za su karrama kogi suka zo, su ne suka juye mata tifa a ka. Ƙaramin ɗanta yana barci a gindin saiwa. Har yanzu numfashi da ƙyar yake ja.

Malam ya ce abin da aka yi mata zalunci ne, amma abin da take yi ma zalunci ne, yarinyar nan ba ta san komai ba. Ta ce nata ɗan ma bai sani ba. Malam ya ci gaba da karatu, ta yi ta ihu tana cewa ana ƙona ta, har ta ce ya dakata, za ta fita, amma da sharaɗi. Wanda ya ba da umarni ya shiga ramin ya kwashe da hannunsa, ranar biki, da rana tsaka, a gaban baƙin da ya ɓoye wa.

Kowa ya juya ya dubi Ciyaman. Umma ta ɗauka kafin a rufe baki zai amsa.

Sai ya yi gyaran murya. Ya ce zai turo leburori. Muryar ta ce a'a. Ya ce to a bari bayan biki, zai je da kansa. Ta ce a'a. Ya ce da asuba fa, kafin mutane su fito? Ya ce ko a yanka rago a raba sadaka? Yana magana, bayan yarinyar yana lanƙwashewa, kumfa na fita a gefen bakinta tana gangarowa kan zanen uwarta.

"Yallaɓai," in ji Malam, "'yarka ce a kwance."

"Ai ban ce ba zan yi ba, Malam. A dai duba matsayina."

Umma ba ta san lokacin da ta kifa goshinta kan na yarinyar ba. "Baiwar Allah, ni zan je. Da hannuna zan kwashe, ko zan kwana nawa. Ki sakar min ita."

Daga nesa ana jin kiran salla. Idanun nan da suka juye suka tsaya a kan Umma, suka daɗe.

"Ke ma uwa ce," in ji muryar. "Na karɓa."

Malam ya ɗauki alkawarin mai muryar cewa ba za ta dawo ba. Ta yi sallama. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta nemi ruwa ta shanye kofi guda, barci ya ɗauke ta. Tun daga ranar ko tsakuwa ba ta sake faɗowa gidan ba.

Ranar biki Umma ta ɗauki daro ta gangara ramin. Tana cikin laka har gwiwa, tana cika daro tana hawa tana juyewa a kan tudu, lasifika na kawo mata muryar mijinta daga bayan kwana, yana cewa kogi amana ne a wuyan kowa. Aka tafa. Babu baƙon da ya leƙo. Sai da rana ta faɗi ta fito, aikin ko rabi bai kai ba, tafin hannunta duk ya tsattsage.

A ɗaki yarinyar ta kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta zauna tana gasa wa uwarta hannu.

"Umma, ranar nan fa ina jin komai. Magana ce kawai ba na iyawa."

Umma ta ce ta matsa a hankali, akwai sauran kwalba a ciki.

"Da ba ki yi magana ba, da zai je?"

Umma ta buɗe baki za ta ce zai je mana, ai ubanki ne. Maganar ta ƙi fita.

Sai ga motsin ƙofar gida. Ciyaman ya shigo da fara'arsa, yana cewa biki ya yi kyau, yana kira daga tsakar gida, ina 'Yar Babanta, ta zo ga lemon kwalba ya rage mata. Yarinyar ba ta ɗaga kai ba. Ta matse tsumma ta sake ɗora shi a kan ciwon. Ya sake kira.

Umma ce ta amsa masa. Ta ce yarinyar ta yi barci.