Ba Yau Ba, Kum Harasim

Ƙarfe huɗu saura kwata rana ta fara faɗuwa, kamar yadda take yi a garinmu a watan Nuwamba. Ina zaune a gidan tukunya, inda muke dafa ruwan da ke ɗumama gidaje, ina cin burodi da albasa, sai injiniyarmu, Taisiya Markivna, ta shigo tana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga hularta.

"Yarema Lukich, ajiye burodin nan. Je ka gida na sha huɗu ka rufe bawul ɗin ruwa."

"A rufe yake. Ni na rufe shi da hannuna, shekara biyu da wani abu ke nan."

"To wani ya buɗe."

Ta dube ni. Ustim mai walda ma ya ɗago ya dube ni. Na saba da irin wannan kallo. Ni ne na taɓa ɓoye busasshen kifi a bayan ƙarfen ɗumi, wanda ruwan zafi ke bi ta cikinsa, a ofishin darakta, aka yi sati uku ana neman mushen ɓera. Ni ne na liƙe wa Ustim kwanon abincinsa da injin waldarsa. Karatuna aji takwas ne, saura duk a wasa na ƙare shi.

"Idan aikinka ne, faɗa mana tun yanzu, tsoho," in ji Ustim.

"Na daina."

"Hali zanen dutse."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Tukunyarmu ɗaya ce ke ɗumama manyan gidaje takwas. Duk bazara muna tono, muna fitar da tsofaffin bututu da suka girme ni, waɗanda bama-bamai suka ƙarasa, muna binne sababbi masu riga. Kwana uku muna cika su da ruwa, allurar agogon da ke auna ƙarfin ruwan tana sauka. Wani wuri yana shanyewa. Da safe muka zuba koren rini a ruwan don ya tona asirin inda yake zuba. Da la'asar wata mata ta buga waya ta ce dusar ƙanƙarar da ke bakin tagar ƙasa ta gida na sha huɗu ta zama koriya.

Babu kowa a gida na sha huɗu. Rabinsa ma babu.

Taisiya Markivna ta ce, "Rediyo ta ce kafin asuba sanyi zai kai sha biyu ƙasa da sifili. In allura ta ci gaba da sauka, dole na kashe tukunya. In na kashe, ruwan ya daskare a ciki, ya fasa mana komai. Ka san sauran."

Na sani. 'Yata Solomiya tana gida na tara da jaririya 'yar sati shida. Da rigunan sanyi suke kwana, tana ɗumama ruwa a kwalba tana sa wa yarinyar a ƙafa.

Ustim ya ce zai raka ni. Takalminsa yake kallo da ya faɗa. Na ce ya zauna. Na ɗauki sifana da tocila, na sa hular kwano, na fita.

Tafiyar minti goma ce. A ciki zan gaya muku abin da kowa a gidan tukunya ya sani, ba wanda ke faɗa.

Shekara ashirin da biyu na yi a gida na sha huɗu, hawa na biyu. Kum Harasim yana hawa na huɗu. Shi ya riƙe Solomiya a coci ranar baftismarta, daga ranar ya zama kum ɗina, wato ɗan'uwa da ba a zaɓa maka ba, kuma abokin wasa har kabari. Bututu ɗaya ne ya ratsa kicin ɗinsa da nawa. Ba mu taɓa ɓata kuɗin waya ba. Ya ɗauki cokalin shayi ya buga ƙarfen ɗumi sau biyu, ya dakata, ya ƙara ɗaya, ma'ana shayi ya yi, karta na kan tebur, kana nan? In na buga ɗaya, ina zuwa ke nan. In na buga uku, matata Odarka tana gida, ba yau ba.

Ni kuma na mai da bugun bututu sana'a. Duk sabon ma'aikaci da aka tura ɗakin ƙasa, sai na laɓe a bayan tanki na buga masa biyu da ɗaya, ya fito da gudu yana kiran uwarsa, yana cewa aljanin gida ne. Garin nan kaf an san ni da wannan.

Ranar da bam ya faɗo wa gidanmu ina wajen aiki, Odarka da Solomiya suna layin burodi. Ni aka tura na rufe ruwan gidan, kada ya ƙone waɗanda gini ya danne. Masu ceto sukan kashe injuna kowace awa, a yi tsit, a saurara. A tsit na uku aka ji.

Kwas, kwas. Kwas.

Shugaban masu ceto ya ɗaga hannu. Ustim, ba da mugunta ba, ya ce, "Ina Yarema? Shi ne. Yana ƙasa da sifana."

Suka sauko suka same ni da sifana a hannu. Na rantse. Shugaban ya zagi uwata, ya sa aka fitar da ni. Bututu yana kai sauti ko'ina, ba a gane daga inda ya taso. Suka koma ɗaya gefen, inda kare ya yi haushi.

Ban amsa bugun ba. Da na amsa, da sun ce ga shi nan yana yi.

Rana ta huɗu aka ciro kum Harasim. Cokalin yana hannunsa, ya lanƙwashe. Likita ya ce ya kai kwana biyu da rai.

Ban yi kuka ba, har yau. Wasan ma ba daina shi na yi da niyya ba, daina zuwa ya yi. Odarka ta tafi wajen ƙanwarta a Poland, ba ta dawo ba.

Na iso. Sama ta yi launin toka mai duhu. A hawa na huɗu ana ganin bangon kicin ɗinsa, da fentinsa ruwan ƙwai, da ƙarfen ɗumi yana lilo a jikin bututu, babu daɓe a ƙarƙashinsa. Dusar da ke bakin tagar ƙasa koriya ce shar. Tururi yana fitowa a hankali.

Na ɗage jan ƙyallen da aka ɗaure ƙofa da shi. Matakala goma sha ɗaya. Na san su.

Ɗumi ne ya fara tarar da ni. Sai warin jiƙaƙƙen siminti, da tsatsa, da tsohuwar gobara. Ruwan ya kai idon sawu. Da hasken tocila ya taɓa shi sai ya ɗauka, ɗakin duka ya koma kore.

Ɗis. Ɗis. Daga wani wuri a gaba.

Taku arba'in ne zuwa bawul. Na bi bango. Ban ji tsoro ba. Na daɗe ban ji komai ba, tsoro ma sai ya nemi wurin zama ya rasa.

Bawul ɗin yana da kan ƙarfe kamar sitiyarin mota. Shekara biyu a cikin laima, ya kamata tsatsa ta cinye shi. Yana ƙyalli. Kamar hannu yana shafa shi kullum.

A buɗe yake har ƙarshe. Juyi goma sha biyu ke rufe shi.

Na soke tocila a aljihun ƙirji, na rataya sifana a ɗamara, na kama.

Ɗaya. Biyu. Uku. Yana tafiya kamar an sa masa mai.

Huɗu. Biyar. Shida.

A na bakwai ɗigar ruwan ta tsaya.

Kwas, kwas.

Na jira.

Kwas.

A tafin hannuna na ji shi kafin kunnena. Ba ƙarar sifana ba ce. Ƙaramar ƙara ce, siririya, ta cokalin shayi.

Na ce, "Ustim, ba kyau." Muryata ba ta yi nisa ba.

Na ja bawul. Ya ƙi. Na sa kafaɗa. Kamar an yi masa walda.

Kwas, kwas. Kwas.

Yanzu kusa. Wajen kwanar bango.

Sai wari ya canza. Taba mai arha. Tafarnuwa. Ganyen na'ana'a da yake jefawa a shayi.

Ruwa ya motsa a bayana. Caɓ. Caɓ. Tafiyar mai silifa, mai jan ƙafar hagu.

Ban juya ba.

"Kum." Raɗa ce, daidai bayan kunnena. "Kai ne?"

"Ni ne."

"Na yi ta bugawa."

"Na ji."

"Ka ji. Akwai sanyi a nan, kum."

"Solomiya ta haihu," na ce. Ban san dalilin da ya sa na faɗa ba. "Mace. Suna gida na tara. Ruwan nan nasu ne."

"Shayi ya yi. Karta na kan tebur."

Wani abu ya kama wuyan hannuna na dama. Jiƙaƙƙe ne. Ba sanyi gare shi ba, ba ɗumi. Ya zare hannun daga bawul kamar ana zare hannun yaro daga kwanon sukari. Ya kai shi ɗamarata. Yatsuna suka rufe a kan sifana. Ba ni na rufe su ba.

Ɗaya hannun ma an riƙe.

Sifana ta ɗaga.

Ta sauka a kan bututu.

Kwam.

Ɗaya. Ina zuwa.

Sama da kaina gini ya yi nishi. Yashi ya zubo mini a wuya. Ruwan ya hau zuwa ƙauri. A bayana aka ja kujera, a inda babu kujera.

A nan tsoron ya samu wurin zama.

Hannuwana ba nawa ba ne. Ƙafafuna sun kafe. Abin da ya rage mini kai ne, kuma malamaina sun sha faɗa cewa ba shi da wani amfani.

Na sunkuya na buga hular kwano a bututu.

Kwam.

Na ƙara.

Kwam.

Uku.

Tsit.

Na ce, "Odarka tana gida, kum. Ba yau ba."

Numfashi ɗaya. Biyu.

Sai wata 'yar ƙara a bayan kunnena, ta hanci, irin wadda yake yi in ya kama ni da karta a hannun riga.

"Maƙaryaci."

Aka sake ni.

Takwas, tara, goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Na ji ruwa ya shaƙe a cikin bututu ya mutu.

Na ruga. Takalmi ɗaya ya maƙale, na bar shi. A matakala ta tara wani abu mai nauyi ya faɗo a bayana, iska ta tura ni waje, na kife a kan koriyar dusa.

Waya tana ta kuka a aljihuna. Taisiya Markivna ce.

"Allura ta tsaya. Ta fara hawa. Me ya daɗar da kai?"

"Tsatsa," na ce.

Kafin takwas na dare ƙarfen ɗumin Solomiya ya fara ɗaukar zafi. Washegari Ustim ya tona daga waje, ya yanke reshen gida na sha huɗu, ya toshe shi da farantin ƙarfe. Da muke wanke hannu ya ga koren zobe a wuyan hannuna, sawun yatsu huɗu da babban yatsa. Rinin nan da sabulu yake fita a rana ɗaya. Wannan bai fita ba. Ustim ya zaro kwalin tabarsa ya sa mini a aljihu, ya tafi.

Da bazara aka rushe abin da ya rage na gidan. Na koma zama wajen Solomiya. A gidansu har bututun cikin ɗaki an canza, na roba ne yanzu. Na tambayi Taisiya Markivna ko roba tana kai sauti. Ta ce ba ta kaiwa, shi ya sa maƙwabta suka koma yin faɗa ta waya.

Bana, ranar da muka kunna tukunya, ƙarfe huɗu saura kwata, ina kicin. Sai ga biyu da ɗaya a ƙarfen ɗumi. Na ɗauki cokali na buga uku. Haka nake yi kowace yamma tun daga ranar. Solomiya tana cewa, "Baba, ka koma wasanka ke nan?" Har daɗi take ji. Na bar ta a haka.

Jikata Orisiya ta fara tafiya. Duk abin da ta samu sai ta buga shi a wani abu.

Jiya ina bakin ƙofa ina cire takalmi aka yi biyu da ɗaya. Tana zaune a gindin ƙarfen ɗumi da cokalin fatenta. Ta juya ta dubi ƙarfen. Ta yi dariya. Ta ɗaga hannu ta buga.

Sau ɗaya.

Na tsallake ɗakin, na fizge cokalin, na ƙara biyu.

Amma tsakanin nata da nawa an yi numfashi kamar huɗu. A ɗakin ƙasa ban kai haka ba. Na zauna a daɓe da ita a cinyata har gari ya waye, ƙarfen yana ƙona mini baya. Ba a sake bugawa ba.

Yau ƙarfe huɗu ta wuce. Shiru.

Ban sani ba ko kum ya haɗa su uku.