Akwatin da Ba Ya Jin Amsa

Da safe manajan ma'ajiyar mai ya kira ofishin 'yan sanda: an sace mai daga manyan tankuna, kuma ya riga ya san ɓarawon. Sufeto ba ya son mai ƙara da ke zuwa da hukunci a aljihu, amma ya ɗauki hularsa.

"Injiniyanmu ne," in ji manaja. "Awon tankuna daga ɗakinsa yake fitowa. Wata da watanni ke nan, awon sai ya yi awanni kafin ya iso ofishin sa ido. Kafin mu ga mai ya ragu, mota ta yi nisa."

Injiniya dattijo ne mai furfura, an dakatar da shi, kurkuku kuma na jiransa. Da aka kirawo shi, ya nuna wa Sufeto wani ƙaramin akwatin na'ura a ɗakin ciki, inda yake aiki.

"Ranka ya daɗe, wannan hanya ɗaya yake bi. Yana tura bayani waje, ba abin da ke dawowa, don kada wani ya yi mana kutse. Ko saƙo ya isa ko bai isa ba, bai sani ba."

"Me ka gyara?"

"Na sake waya, na sake akwatin har sau biyu, na rage nauyin saƙo. Duk a banza."

Sufeto ya sosa gemu. Akwati uku ba sa kamuwa da ciwo ɗaya.

"To kai ta yaya kake sanin bai isa ba?"

"Dokar tsaro ta hana ni shiga ɗakin waje, inda saƙon ke sauka kafin ya wuce ofishin sa ido. Sai in kira mai kula da can, ya faɗa mini."

"Wane ne?"

"Auta, ƙanena. Ni na yi masa karatu, ni na samo masa aikin." Har murmushi ya yi da ya faɗa.

Auta mutum ne mai fara'a, ya tarbi Sufeto da kujera. "Wallahi ɗigo-ɗigo saƙon yake zuwa, yallabai. Yaya ba ɓarawo ba ne, tsufa ne kawai."

Sufeto ya yi sallama kamar zai tafi. A waje ya ce wa sajen da ya rako shi ya sa Injiniya ya tura saƙon gwaji, ya kuma kira Auta kamar kullum. Shi kuwa ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Auta.

Waya ta yi ƙara. Auta ya ɗauka, ya ba kwamfutar baya, yana yanke farce.

"Har yanzu dai, Yaya. Ko rabi bai shigo ba."

"A ƙeya idonka yake?" in ji Sufeto.

A kan allon, gwajin ya riga ya iso cif. Da aka kira ma'aikacin kamfanin akwatin, nan take ya gano an shaƙe hanyar da ke kai bayani daga ɗakin waje zuwa ofishin sa ido, kuma daga kwamfutar Auta aka yi.

A gaban yayansa Auta ya amsa laifinsa. Direbobin da ke kwasar man ne suka saye shi.

"Na ɗauka za a ce laifin na'ura ne, Yaya. Ban zaci kai za su kama ba."

Injiniya ya daɗe yana kallonsa. Baƙin ciki ya hana shi ɗaga murya.

"Ranar da aka dakatar da ni ka zo gidana, ka ci abinci da 'ya'yana. Ka riƙe hannuna ka ce in yi haƙuri."

Auta ya sunkuyar da kai. Saje ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.

"Ka fita daga zargi, Injiniya," in ji Sufeto. "Gobe ka koma aikinka."

Dattijon bai ko motsa ba.

"Ranka ya daɗe, da ni kuka tafi da shi. Yanzu da wane baki zan gaya wa Inna?"