Matar da Na Goge

Sana'ata wanke hotuna, amma yanzu wayata ce ke yin rabin aikin. In wani ya faɗo cikin hoto ba a gayyace shi ba, sai in zagaye shi da yatsa, ita kuma ta goge shi ta cike gurbin da bango, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Ran nan da safe wani direba ya kawo hoton 'yarsa na kammala makaranta. Wata mata na tsaye bayan yarinyar, ta dafa kafaɗarta.

"Ƙanena, cire min wannan," ya ce, ya ƙi yarda ya kalli hoton. "Wallahi lokacin da na ɗauka babu kowa a wurin."

Na cire ta. Sai dai wayar ta bar yatsu huɗu a kafaɗar yarinyar, ni kuma don sauri na wanke a haka.

Bayan magariba ina haɗa kaya, fanka ta tsaya da kanta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon. Wata mata ta yi sallama, muryarta kamar daga cikin rijiya. Ta shigo, labulen ƙofa ko motsi bai yi ba.

"Mai hoto, shekara shida ina jiran wannan rana ta 'yata. Mayar da ni."

Na ɗaga kai na dube ta. Fuskarta dishi-dishi, ina hango bangon makarantar ta cikin ƙirjinta. Ta ɗora hannun dama a kan teburina.

Babban yatsa ne kaɗai a jikinsa.