Budurwar da Aka Gani Tana Cin Ƙasa

Ba kowa ke haɗuwa da matar aurensa a cikin rami ba, amma Mai Zuma haka Allah ya rubuta masa.

Ranar ya shiga gandun dajin gwamnati ne duba amyoyinsa, don hukuma ta ba shi izinin rataye su a can. Kansa na sama yana bin ƙudan zuma da ido, bai ankara ba sai rijif! Ga shi a cikin rami mai kai wa mutum ƙirji.

"Sannu. Ka karye?"

Wata budurwa ce tsugune a kusurwar ramin, da takalmin roba har gwiwa, wuƙa a hannu, laka har a kan hancinta.

"Ban karye ba," in ji shi.

"To madalla. Ɗaga ƙafarka, ka rushe min bangon da na yini ina gyarawa."

Da wani ne da ya ji haushi. Shi kuwa bawan Allah nan take zuciyarsa ta tafi, ko sallama ba ta yi masa ba.

Ma'aikaciyar hukumar gandun daji ce, masaniyar ƙasa, kowa Malama yake ce mata. Kafin a dasa ko da itace ɗaya a dajin nan sai ta sa an haƙa rami, ta shiga ta duba ƙasar hawa-hawa, sannan ta faɗi irin itacen da zai rayu a wurin. Tun daga ranar amyoyin Mai Zuma suka shiga uku da dubiya. Safe yana daji, yamma yana daji, in ya koma gida kuma sai waya.

"Malamata, tun da na faɗa raminki ban fito ba. Don Allah kada ki turo tsani."

"Mai Zuma, zaƙin baki ai sana'arka ce. Ka dai ci abinci?"

"Na ci. Amma ban ƙoshi ba sai na ji muryarki."

Da magana ta yi ƙarfi, ya kai ta gida ta gaida Ummansa. Malama ta sha ado, ta durƙusa har ƙasa, Umma ta yaba da hankalinta. Aka aiki Mai Zuma kanti, Umma ta shiga ɗaki ɗauko mata tsaraba, aka bar baƙuwa ita kaɗai a tsakar gida tare da wata bishiyar lemo da ganyenta duk ya yi rawaya.

To, hali zanen dutse. Malama ta kalli bishiyar ta kau da kai. Ta sake kallo, ta kasa daurewa. Ta tsuguna ta ɗebi ƙasar gindin, ta murza, ta sansana, ta ɗan sa tsakanin haƙoranta ta tauna, sannan ta juya ta tofar. Haka suke yi a wurin aiki, haƙori kan bambance musu abin da yatsa ya kasa.

Umma na kallo ta taga. Ledar hannunta ta faɗi.

"Inna lillahi! Cin ƙasa da tofar da yawu? Ni da na haifi bakwai za a ɓoye wa wannan?"

Da daɗi aka rabu, amma baƙuwa na fita Umma ta ce wa ɗanta, "Maganar yarinyar nan, a bar ta."

"Umma, me ta yi?"

"Na ce a bar ta."

Bakinta ya yi nauyin gaya wa ɗanta, amma bai yi nauyin gaya wa Goggo ba, ƙanwar mahaifinsa. Ita kuwa Goggo dama tana da 'yarta da ta daɗe tana yi wa Mai Zuma tanadi. Abin nema ya samu! Kafin mako ya zagayo ta kai labarin gidan suna, ta kai shi gidan biki, har ya iso kunnen mahaifiyar Malama.

Nan wasa ya ƙare. Malama ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ba auren ne ya fi yi mata ciwo ba, sunanta ne, da yadda mahaifinta ya daina zama a ƙofar gida. Da ta share hawaye ta ɗauki waya ta tura wa Mai Zuma saƙo.

"Ka tambayi Umma wata nawa ne cikin da aka ce ina da shi. Ni ban sani ba, gara in shirya."

Mai Zuma ya karanta, ya miƙe zumbur. Ya tsare Umma da magiya sai da ta faɗa masa abin da ta gani. Dariya ta taso masa, ya tuna hawayen Malama, dariyar ta koma.

"Umma, ba zan yi miki musu ba. Gobe ki raka ni daji. In kin dawo kin ce a bari, wallahi na bari."

Washegari suka tarar da ma'aikata a bakin wani sabon rami. Malama na ciki, ta gaida Umma ba ta ɗago ba. Kusa da ita ga shugabansu, wani dattijo mai furfura da tumbi tulele, da wasu maza biyu majiya ƙarfi. Dattijon ya yanko ƙasa da wuƙa, ya murza, ya jefa a baki ya tauna, ya tofar.

"Akwai yashi, yana ƙaras-ƙaras," ya ce.

Na biyun ya tauna ya tofar. Na ukun ma haka.

Umma ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta daɗe tana duban tumbin dattijon. Ta jawo hannun rigar ɗanta, ta yi ƙasa da murya, a ganinta.

"Shi ma?"

"Shi ma me, Hajiya?" in ji dattijon. "Bismillah, ko za ki taɓa? Ta nan ba ta kai ta gangaren rafi daɗi ba."

Mazan suka tuntsire da dariya. Umma ba ta yi ba. Kunya ta rufe ta. Ta zauna daɓas a bakin ramin da sabon zanenta, ta miƙa hannu.

"'Yata, fito. Na zalunce ki."

"Umma, ya wuce. Lemonki ma ruwa ne ya yi masa yawa, ƙasar gindin laka ce."

"Bai wuce ba. Ke kin yafe, mutanen gari ba su ji ba."

Ranar Umma ba ta koma gida ba sai da ta biya ta ɗauko Goggo. Duk gidan da labarin ya shiga sai da suka shiga, Goggo a gaba tana tura baki, Umma a baya tana cewa, "Faɗa musu da ƙarfi, yadda kika faɗa da farko." Gidan su Malama ne na ƙarshe. Umma ta durƙusa gaban mahaifin yarinyar, ita da ta girme shi, ta nemi gafara. Da yammar nan ya sa aka fitar masa da kujerarsa ƙofar gida.

"Malamata, Umma ta ce in tambaye ki, kina son ɗanta har yanzu?"

"Ka ce mata ɗan nata da sauƙi. Ita ce dai na fi so."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ranar da aka kawo amarya gida ya cika maƙil da mata, har da waɗanda suka yi ta yayata zancen. Umma ta tsaya a tsakiyarsu ta kama hannun Malama ta ɗaga.

"Ku dube ta da kyau. Bakina ne ya ɓata ta, yau bakin nan ne ke gaya muku ban taɓa ganin 'yar mutunci irinta ba. Allah ya yi muku albarka, ke da mijinki. Allah ya sa ki ga naki 'ya'yan, ya kuma tsare su daga irin bakina."

Mata suka ce amin, guɗa ta tashi. Malama ta kifa kanta a kafaɗar Umma tana kuka, Umma na bubbuga bayanta, ita ma tana yi.