Birkin Baya

Yau kwanansu biyu a kan hanya. Yara goma ne na ƙungiyar masu keke ta makarantarsu, tare da Malamin wasanni. Motar kayansu tana biye da su can baya. Tafiyar kwana huɗu ce, ta cikin ƙauyuka da duwatsu.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar aji shida. Saboda gudunta, Walƙiya ake ce mata. Ba ta son ganin ƙeyar kowa a gabanta. Ƙanwarta Auta ma tana cikin tafiyar. Tsayinsu ɗaya, amma Auta akwai tsoro, ko akuya ta gani a hanya sai ta sauka.

Malam yana da doka guda. Kafin a sauka kowane gangare, sai kowa ya gwada birkinsa, na gaba da na baya. In lafiya, ya ce, "Ya kama!" Wanda ya kwance ko ya gyara birki ba da izini ba kuwa, mota zai koma.

Da hantsi suka fara hawan wani dogon tudu. Walƙiya ta ji robar birkin baya tana gogar ƙarfen taya, ƙii, ƙii. Keken ya yi nauyi. Yara uku suka wuce ta, ɗaya har da yi mata gwalo.

Haushi ya kama ta. Ta tsaya a bayan wani dutse kamar za ta sha ruwa. Ta zaro sifana, ta sassauta notin da ke riƙe wayar birkin. Nan take ƙarar ta mutu. Ta ce a ranta, "In na kai sama sai in ɗaure."

Ita ta riga kowa isa. Murna ta sa ta manta da notin.

Daga kan tudun suka leƙa ƙasa. Hanyar ta miƙe, ta yi kwana, sannan ta faɗa kan wata siririyar gada. A ƙarƙashin gadar rafi ne mai duwatsu.

Auta ta ce, "Malam, ni tsoron gangaren nan nake ji."

Malam ya ce, "Kada ki damu. Jiya na sa wa keken yayarki sabuwar roba. Ku yi musanya." Ya juya. "Walƙiya, birkinki fa?"

Sai yanzu ta tuna. In ta faɗi gaskiya, mota za ta koma, a yi mata dariya. Ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ya kama, Malam."

Auta ta karɓi keken ba ta gwada ba. Me za ta gwada, tunda Yaya ta faɗa? Ta gyara hular kwanonta, ta hau.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To, yau ga ruwan zai doki wata daban.

Malam ya tsaya yana sakin su ɗaya bayan ɗaya. Auta ta tafi. Da farko a hankali, sannan keken ya fara ɗaukar gudu. Walƙiya ta ga ƙanwarta tana matsa birkin baya, tana sake matsawa. Keken ko gezau.

"Yaya! Ba ya tsayawa! Yaya!"

Walƙiya ta kwarma ihu, "Malam, ni na kwance birkin!" Ba ta jira amsa ba, ta haye keken Auta ta bi ta. Malam ma ya rufa musu baya.

Iska tana dukan fuskarta, hawaye na rufe mata ido. Tsakuwa tana tashi daga ƙarƙashin taya. Can ƙasa gadar tana ƙara matsowa. Ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Ta cim ma Auta kafin kwanar. Yarinyar ta ƙanƙame kan keken, idanunta a waje.

"Auta, na gaba! Matsa na gaba!"

"Zai jefa ni!"

"A hankali! Matsa, ki saki! Matsa, ki saki!"

Auta ta matsa. Keken ya yi tangal-tangal, kamar zai kife. Ta saki, ta sake matsawa. Gudun ya ɗan ragu, amma ba zai isa ba. Gadar ta kusa.

Sai muryar Malam ta zo daga baya. "Gona! Ki shiga gonar dama!"

A gefen hanya akwai gona da aka yi wa sabuwar huɗa. Auta ta karkata kan keken. Tayar ta nutse a ƙasa mai laushi, ita kuma ta wuntsila kan kunyar gonar. Ƙura ta tashi. Sai shiru.

Walƙiya ta yar da keke ta ruga. "Auta! Ki yi magana! Don Allah ki yi magana!"

Auta ta ɗago kai a hankali, bakinta cike da ƙasa. Ta tofar, ta ce, "Yaya, ashe ƙasa ba daɗi."

Walƙiya ta rungume ta, tana kuka kamar ita ce ta faɗi.

Malam ya duba Auta sosai. Gwiwa da gwiwar hannu ne suka kurje, ba karaya. Ya wanke ciwon ya ɗaure. Sannan ya ɗaga keken, ya ja wayar birkin da yatsa. Ta zare fit.

Ya dubi Walƙiya ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ji tsoron komawa mota, Malam."

"Da tsoron mota da wanda kika ji yanzu, wanne ya fi?"

Walƙiya ta juya wajen ƙanwarta. "Ki yafe mini, Auta."

Auta ta ce, "Na yafe. Amma ke za ki ɗaukar mini jaka har mu koma gida."

Ranar nan a mota Walƙiya ta wuni, tana kallon 'yan'uwanta ta taga. Da suka yada zango da la'asar, Malam ya kira ta. Ya nuna mata yadda ake daidaita roba ba tare da an kwance waya ba. Minti biyu kawai aikin ya ci.

Ya ce, "Kin gani? Da kin tambaya, da shi ke nan. Kada ki taɓa cewa abu lafiya alhali kin san ba lafiya ba. Wanda ya yarda da ke shi zai fara cutuwa."

Ranar ƙarshe suka shiga ƙofar makaranta, iyaye suna tafi. Walƙiya ce ta ƙarshe a layi. Tana bayan Auta, da jaka biyu a bayanta, tana murmushi.