Masu Jira a Tsohuwar Tasha

Mai walda ya manta tukunyar gas ɗinsa a tsohuwar tashar jirgi, bai tuna ba sai da rana ta yi ja. Matarsa ta ce ya bari sai da safe. Ya ce ai ɓarawo ba ya jiran safe, ya hau babur ya tafi.

Kwana uku ke nan da aka ba shi aikin yanka layin dogon, a kai wa masu narka ƙarfe. Da daɗin rai ya karɓa. A gidajen ma'aikata na bayan tashar aka haife shi. Babansa ne mai canza wa jirgi layi, har ranar da ya hau jirgin yamma, wai zai je birni ya ji dalilin da kamfani ke son rufe wurin. Jirgin nan shi ne na ƙarshe. Daga baya aka ce an ga Baban da wasu iyalin, aka kuma ce ya mutu. Shekara goma sha tara Inna tana cin ado kullum la'asar, ta zo ta zauna a bencin siminti, har ƙafafunta suka daina kai ta. Kasuwa ta watse, makaranta ta tashi, rijiyar tashar ta rufta. Bara aka binne Inna.

Ya kashe babur a gindin tankin ruwa. Warin kashin jemage ya tare shi daga ɗakin sayar da tikiti. Tukunyar tana nan inda ya bar ta. Ya sunkuya ya kama hannunta.

Sai ƙarfen da ya taka ya fara rawa.

Shi da hannunsa ya yanke layin nan jiya, gaba da baya. Guntu ne, bai haɗu da komai ba. Amma yana gunji a tafin ƙafarsa.

Kwaɗin fadama suka yi tsit. Warin baƙin mai da hayaƙi ya cika masa hanci. A bayansa wani ya yi tari, wani ya ja akwati.

Ya waiwaya a hankali.

Dandamalin cike yake da mutane, kowa da ƙullinsa, kowa ya zuba wa gabas ido. Babu mai inuwa. A kan bencin siminti, Inna ce zaune da ɗankwalinta mai ruwan ganye.

"Inna," ya ce.

Ba ta dube shi ba. "Matsa, kana kare min."

Jirgin ya shigo ba fitila, ba jiniya, sai huci. Taragu baƙaƙe, tagogi ba gilashi. Ya rage gudu, amma bai tsaya ba. A bakin ƙofar tarago na uku wani mutum yana tsaye da kakin ma'aikata. Baba ne. Ko furfura ɗaya babu, mai walda ma ya girme shi yanzu.

Inna ta miƙe. Ta gyara ɗaurinta, ta ɗaga hannu.

Idon Baba ya wuce ta kamar an wuce turke.

"Auta," Baba ya raɗa masa. "Hau."

Hannu ya damƙe wuyan hannunsa na dama. Sanyi har ɓargo. Ƙafafunsa suka fara bin taragon da kansu, tsakuwa na zamewa. Ya ga cikin taragon: babu kujera, babu ƙasa, duhu kawai.

Bai saki tukunyar ba. Ta maƙale a bakin dandamali, ta fizgo shi. Kafaɗarsa ta yi ƙara. Ya faɗi rub da ciki, bakinsa ya cika da jini.

Da ya ɗago, jirgin ya shige. Inna ta koma ta zauna, ta naɗe hannuwa a cinya.

"Gobe ne," ta faɗa wa kanta.

Da rarrafe ya kai wurin babur.

Hannun nan bai sake riƙe kayan walda ba, yatsun sun ƙandare. Wasu ne suka ƙarasa aikin, suka kwashe ƙarafan, suka fasa ginin, aka shuka masara a wurin. Mutane suna cewa tsoro ne ya mai da shi shiru-shiru. Matarsa ta san ba haka ba ne. Rana ɗaya kawai ya yi mata maganar, yana kallon bango, haƙoransa a cije.

"Baba ya ga Inna sarai," ya ce. "Ko a can ma bai sauko ba."